Abu Hujar: Kwanakin Ɗaki a Makka, Na Miji Ne ko Na Gida?

Abu Hujar gari ne a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a bakin kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, kudu da Sinja. Wanda ya biyo hanya daga Wad Madani zai ratsa ƙauyuka da ake ciniki da Hausa a kasuwanninsu. Mazaunansu zuriyar mahajjata ne da suka taho da ƙafa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno shi ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya ƙara riƙe mutane, har akan sami wanda ya fito da niyyar hajji amma jikansa ne ya isa.

Saboda haka zancen Makka ba ya fita daga bakin mutanen nan, kuma a zauren wani malami muka ji mas'alar da ta tsayar da mu. Magidanci da ke aiki a Saudiyya ya sayi kwanakin ɗaki kusa da Harami, da sunansa shi kaɗai, alhali yana da aure. Irin wannan ciniki ya yi suna ne a 2003, lokacin da aka fara sayar da takardun amfani na Hasumiyar Zamzam, wadda ke kan filin waƙafin Sarki Abdul'aziz. Mai saye bai mallaki ɗakin ba. Haƙƙin zama ya mallaka, na wasu kwanaki a kowace shekara har shekara 24, yana iya ba da haya ko ya sayar, kuma ana gadonsa. Abin ba baƙo ba ne ga fiƙihu. Malamai na kiran rabon amfani ta hanyar karɓa-karɓa muhaya'a, kamar magada biyu da suka gaji kwalekwale ɗaya, wannan ya fita su yau, wancan gobe.

To, na wane ne? A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗa dukiya. Abin da miji ya saya da kuɗinsa nasa ne, abin da mace ta saya da nata nata ne, ba ta neman izini a kan saye da sayarwa. Malikiyya sun ba miji damar hana ta kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta ne kawai. Dokar iyali ta Musulmin Sudan ta 1991 ma a kan rabuwar dukiya take.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Sau da yawa kuɗin ba na mutum ɗaya ba ne: an sayar da zinariyar matar, ko ta kwashe adashinta na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, aka cika, takarda kuma ta fito da sunan maigida. Ran da aka rabu ko aka zo rabon gado, takardar ce ke magana. Matar da ta biya rabin kuɗin sai ta koma ga tumuni, idan akwai 'ya'ya, ta kuma raba shi da kishiyoyi. A ganinmu wannan zalunci ne da kunya ke haifarwa, domin ayar bashi ta Suratul Baƙara ba ta ware ma'aurata ba da ta yi umarnin rubutawa. Maroko ta ga wannan giɓi, dokarta ta 2004 ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya dabam a kan abin da suka tara tare.

'Yan'uwanmu da suka yi aure a Faransa kuwa su lura, hukuncin can akasin wannan ne. Tun 1966, waɗanda suka ɗaura aure ba tare da yarjejeniyar dukiya ba, abin da ɗayansu ya saya da albashinsa a cikin auren na su biyu ne, ko da sunan mutum ɗaya ne a takarda.

A Abu Hujar shaidar baki ce ta daɗe tana tsare irin wannan haƙƙi, tunda kowa ya san kowa. Yaƙin da ya iso Sinja a ƙarshen Yunin 2024 ya tarwatsa mutanen yankin, kafin sojoji su sake karɓe garin a Nuwamba. Macen da ta ba da zinariyarta bisa amana, shaidunta biyu ƙila ɗaya yana Gadarif, ɗaya yana Damazin.