Salbador Ta Ƙasar Birazil: Birnin Da Sunan Hausawa Ya Saura A Akushi

A cikin manyan biranen Amurka ta Kudu, babu wanda ya cancanci Bahaushe ya ɗaura niyyar ziyartarsa kamar Salbador, babban birnin Jihar Bahiya ta ƙasar Birazil. Riyo di Janero ta fi ta suna, Sawo Fawulo kuma ta fi ta girma da dukiya, amma a Salbador ne mutumin Potiskum ko na Kano zai sauka ya iske ana suyar ƙosai a bakin titi da farin wake irin wanda ake auna wa fatake a kasuwar hatsi ta Potiskum. A nan ne kuma zai karanta sunan kabilarsa a cikin jerin abincin da ake sayarwa. Wannan kuwa yana da dalili, kuma wanda ya tafi bai san dalilin ba, zai ga gine-gine da bakin teku ya komo, alhali ya wuce ta kan sawun 'yan'uwansa bai sani ba.

Turawan Fotugal ne suka kafa birnin a shekarar 1549, shi ne kuma hedikwatar mulkinsu a Birazil har zuwa 1763, sa'ad da aka mayar da ita Riyo. Bisa ga ƙidayar 2022, mutanensa sun kai miliyan 2 da dubu 400, kuma kimanin takwas daga cikin kowane goma baƙar fata ne ko ruwa biyu. Arzikin ƙasar a zamanin da, rake ne da taba, masu noma su kuwa bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Fiye da mutum miliyan 4 aka sauke a Birazil a tsawon zamanin cinikin bayi, ba a kuma soke bauta a can ba sai ran 13 ga Mayu, 1888, bayan kowace ƙasa ta nahiyar Amurka ta riga ta soke.

Yadda Hausawa Suka Isa Can

Tun daga yaƙe-yaƙen jihadi da suka soma a 1804, da waɗanda suka biyo baya a ƙasar Barno da Nufe da ƙasar Yarabawa, kamammun yaƙi suka yi ta gangarawa kudu daga hannu zuwa hannu har bakin teku, inda ake musayarsu da tabar Bahiya a tashoshin Ikko da Badagiri da Wida. Mafi yawansu maza ne majiya ƙarfi, da dama sun san baka da kibiya, wasu kuma sun yi karatun allo. A Salbador sai aka sa da yawansu aikin dako da ƙananan sana'o'i bisa wani tsari mai kama da murgu na ƙasar Hausa, watau bawa ya fita ya nema, ya kawo wa ubangijinsa abin da aka yanka masa, in ya tara saura ya fanshi kansa. Wannan yawo cikin gari shi ya ba su damar haɗuwa da juna.

A watan Mayu na 1807 gwamnan Bahiya ya bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa kafin ranar da suka sa ta zo. A 1809 wasu suka sake tashi a bayan gari. A watan Fabrairu na 1814 kuma suka afka wa sansanonin masunta na Itapuwa, takardun shari'ar lokacin kuwa sun kira shugabansu da laƙabin "malomi", wanda ba wani abu ba ne illa malam. Tawayen da ya fi kowanne suna shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu, 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi. Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa, amma a cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe mai sayar da taba, wanda ake kira Dandara, da wani Banufe. Kimanin mutum 600 suka fito cikin fararen riguna, ɗaure da layu, fiye da 70 daga cikinsu suka rasa rayukansu.

Hanya Da Guzuri

Mai niyyar tafiya daga Potiskum zai fara da tafiyar kimanin kilomita 300 ta Azare zuwa Kano. Ɗan Nijeriya yana bukatar biza, ana kuwa neman ta a ofishin jakadancin Birazil da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Ikko. Ya kamata kuma katin allurar rigakafin cutar shawara ya kasance tare da fasfo. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bi ta Adis Ababa zuwa Sawo Fawulo, sa'an nan a sake jirgi na cikin gida, tafiyar awa biyu da ɗoriya zuwa Salbador. Akwai jirgi daga Lisbon kai tsaye, sai dai mai fasfon Nijeriya yana bukatar bizar ratse kafin ya sauya jirgi a can, saboda haka a bincika tun kafin a biya kuɗin tikiti.

Agogon Salbador yana bayan na Nijeriya da awa huɗu. Birnin yana kudu da tsakiyar duniya kamar yadda Katsina take arewa da ita, don haka lokutan shekara sun saɓa da namu: ruwa ya fi tsananta daga Afrilu zuwa Yuni, zafi kuma daga Disamba zuwa Maris. Babu hunturu, sai gumi, tufafin auduga marasa nauyi su ne daidai. Wanda ba ya son hayaniya ya kauce wa makon babban bikin Kanibal, cikin Fabrairu ko farkon Maris, domin a lokacin tituna sukan cushe da masu kiɗa da shaye-shaye, kuɗin masauki kuma yakan ninka. Kuɗin ƙasar sunansa real. Harshensu Fotugis ne, kaɗan ne ke jin Turancin Ingilishi, saboda haka a rubuta sunan masauki da na unguwa a takarda a riƙe a aljihu. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in mai ba da amsa ya gane tambayar.

Filin jirgin sama yana kusan kilomita 30 daga tsakiyar gari, akwai kuma jirgin ƙasa na cikin birni da ke kaiwa kusa da shi. Wanda ya ɗauki mota ta hanyar bakin teku zai ratsa Itapuwa, wadda a yau unguwa ce ta itatuwan kwakwa da masu shan iska. Nan ne mutanen malam suka yi ɗauki ba daɗi a 1814.

Wuraren Da Ya Kamata A Gani

Tsohon birnin hawa biyu ne, akwai na kan tudu da na bakin ruwa. Abin da ya haɗa su shi ne wata doguwar hasumiya mai na'urar hawa da sauka, ana ce da ita Elevador Lacerda, an buɗe ta a 1873, tsawonta mita 72, cikin rabin minti take kai mutum sama. A ƙasa akwai kasuwar Mercado Modelo a cikin tsohon ginin kwastan, inda ake sayen tsaraba, ciniki kuwa halal ne a can kamar a kasuwar Kurmi. A sama, da fitowa daga na'urar, sai dandalin da ginin majalisar birni yake. A 1835 kurkuku ne a ƙarƙashin wannan gini, a ciki aka tsare wani dattijon malami mai suna Bilal, wanda iyayen gijinsa ke kira Pacifico Licutan, saboda bashin da ake bin mai shi. Ƙofar wannan kurkuku 'yan tawaye suka fara nufa don su fid da shi, ba su sami nasara ba. Gangaren da ke kusa, mai suna Ladeira da Praça, a nan gidan da suka fito yake.

Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa zuwa Pelourinho, ana furta shi Felurinyo, unguwar gidaje masu launi iri-iri da tituna na dutse, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Kyan wurin kada ya mantar da baƙo ma'anar sunan, watau turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. A dandalin Terreiro de Jesus akwai gidan kayan tarihin Afirka da Birazil, a cikin tsohuwar makarantar likitoci. Takardu da layu masu rubutun Larabci da aka ƙwace a 1835 kuwa suna gidan adana takardun tarihi na Jihar Bahiya, mai son ganinsu sai ya nemi izini tun da wuri.

Wanda ya saba da kasuwa zai fi jin daɗin Feira de São Joaquim a bakin ruwa, inda ake jibge manja da kuɓewa da barkono da tukwane da awaki, har da goro da namijin goro, waɗanda masu addinin gargajiya na Kandombile ke saye. Kasuwar tana maƙwabtaka da unguwar Água de Meninos, inda barikin sojan doki yake a da, a ƙofarsa ne kuma aka murƙushe tawayen 1835. Da la'asar sakaliya sai a nufi Barra, wurin tsohuwar hasumiyar fitila mai yi wa jiragen ruwa jagora, inda jama'a ke taruwa kallon faɗuwar rana.

Abinci

Matan da ke zaune a bakin titi cikin fararen tufafi da ɗaurin kallabi, ƙosai suke soyawa da manja, sunansa a can acarajé, ana furta shi akaraje. Sukan tsaga shi biyu su cusa masa miya da busasshen jatan lande. In mai sayarwa ta ce "quente", tana tambaya ne ko a sa yaji, yajinsu kuwa ba na wasa ba ne. Kusa da shi akwai abará, wanda alala ce a cikin ganyen ayaba. Amma abin da ya kamata a nema musamman shi ne arroz de hauçá, ma'anarsa shinkafar Hausa. Manuel Querino, wani marubuci baƙar fata ɗan Bahiya, ya bayyana yadda ake yin ta a littafinsa na girke-girken ƙasar da aka buga a 1928: a dafa shinkafa ba gishiri, a tuƙa ta har ta haɗe, a barbaɗa garin shinkafa don ta yi tauri, a ci da soyayyen busasshen nama da miyar barkono. Kowace mace a ƙasar Hausa ta san wannan tuwon shinkafa ne. A yau da yawa sukan ƙara mata madarar kwakwa, sunan dai bai sake ba.

Musulmi ya lura da naman alade, domin yana shiga abinci da yawa, musamman faten wake da suke kira feijoada. Kalmar da za a riƙe ita ce "sem porco", watau ban da alade. Ko da yake Birazil tana cikin ƙasashen da suka fi fitar da naman halal zuwa ƙasashen Musulmi, samunsa a gidajen abinci na Salbador yana da wuya. Kifi shi ne mafita, miyar kifi da manja da kwakwa mai suna moqueca kuwa ba ta da na biyu a birnin.

Hattara

Salbador tana fama da ɓarayi da masu ƙwace, kamar sauran manyan biranen ƙasar. Kada a riƙe waya a hannu ana tafe, kada a fito da kuɗi da yawa, fasfo ya zauna a masauki a yi yawo da kwafinsa. A Felurinyo a tsaya kan titunan da jama'a da 'yan sanda suke, a bar lunguna, musamman bayan magariba. In wani ya tare hanya da makami, a ba shi abin da ya nema, rai ya fi dukiya. Lambar kiran 'yan sanda ita ce 190. Akwai kuma masu ɗaura wa baƙo ƙyalle mai launi a hannu da sunan kyauta, daga baya su nemi kuɗi. Murmushi da girgiza kai sun isa amsa.

Abin Da Ya Saura

Baƙo ba zai sami zangon Hausawa a Salbador ba, kamar yadda zai samu a Kumasi ko Kartum. Bayan 1835 hukuma ta tsananta wa duk wanda aka gani da rubutun Larabci, ta kori 'yantattu da yawa zuwa Afirka, wasu kuma suka komo don kansu, zuriyarsu na cikin waɗanda ake kira Aguda a Ikko. Duk da haka, sa'ad da ƙaramin jakadan Faransa, Francis de Castelnau, ya tattara labaran bayi a birnin, ya buga su a 1851, ya sami mutanen Kano da Katsina da Zazzau da Barno suna lissafa masa garuruwa da koguna na gida kamar jiya suka baro su. Da aka toshe hanyar kawo bayi a 1850 sai ba sabon zuwa. Mata 'yan'uwansu kaɗan ne, 'ya'yan da suka haifa kuma suka tashi cikin addinin ƙasar, har ya zama a farkon ƙarni na 20 tsofaffi kaɗan ne suka rage masu salla.

Masallacin da ke birnin a yau na sabon zamani ne, yana cikin Cibiyar Al'adun Musulunci ta Bahiya a unguwar Nazare, wani malami ɗan Nijeriya ya yi shekaru da yawa yana limanci a cikinsa. Alƙibla a can gabas ce da ɗan karkata arewa, kusan daidai da yadda take a Potiskum. Ba nisa da masallacin akwai dandalin Campo da Pólvora, wanda yanzu tashar jirgin ƙasa ce da babban ginin kotu. A wannan fili aka harbe mutum huɗu daga cikin 'yan tawaye ran 14 ga Mayu, 1835. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda Allah ya kai shi Salbador, ya daidaita tafiyarsa ta haɗa da ranar Juma'a, in an sallame ya taka zuwa wannan fili, ya yi wa waɗanda suka kwanta dama a baƙuwar ƙasa addu'a. Allah ya jiƙansu.