Kariyar malamin dabbobi

A ƙasar Kurfai, wanda ya sayi mota ba shi kaɗai ya saye ta ba. Wani malamin dabbobi, haifaffen Filinge, ya san wannan magana tun yana yaro, amma bai auna nauyinta ba sai a shekarar 2016, lokacin da ya tattara abin da ya ajiye cikin shekara ashirin na aikin gwamnati ya sayi tsohuwar Land Cruiser, samfurin nan da kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1984. Motar ta biyo ta Kwatano, kamar yawancin motocin hannu na wancan lokaci. Ta zo da lafiyayyen inji da yagaggun kujeru, rufinta kuwa fayau, babu komi a kansa.

Aikinsa na daji ne. Daga Filinge yakan nufi Tukunus, inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak, kimanin kilomita 20 arewa da gari, ya zarce rijiyoyin wajen Abala, inda makiyaya ke taruwa da rani. Rangadi ɗaya yakan ci kwana uku, wani lokaci huɗu. Dole a tafi da tanti, da gado mai naɗewa, da gidan sauro, da tabarmi, da barguna saboda sanyin hunturu, da shebur, da tayar ko-ta-kwana ta biyu, da jarkokin ruwa da na gazuwal. Akwatin sanyi na allurar rigakafi ba ya shan rana, wurinsa ciki, tare da mataimaka biyu. Saura kuwa sai sama. Ke nan ana bukatar kariya, abin da takardun ofis ke kira galerie.

A wani kanti na Yamai ya ga irin wadda ransa ke so: ta alminiyam, baƙa, shafaffiya, aikin Turai. Duk wanda ya yi makarantar sakandare a shekarun 1980 yana da irin wannan hoto a kansa, tun zamanin da motocin tseren Paris-Dakar ke ratsa Nijar da kaya ɗaure a sama kamar na masu zuwa wata duniya. An soke tseren a 2008, daga nan ya bar Afirka, amma hoton bai bar zukatan ƴan boko ba. Alminiyam yana da hujjarsa: nauyinsa kusan sulusin na ƙarfe ne. Sai dai kuɗin kariyar ya zarce albashinsa na wata biyu, kuma akwai abin da mai kanti bai faɗa ba. Injin walda irin na bakin kasuwa ba ya kama alminiyam. In ƙafa ɗaya ta tsage a bayan Tukunus, sai a ɗaure da igiya a yi tafiyar kilomita 180 daga Filinge zuwa Yamai neman mai gyara. Ƙarfe kuwa ko'ina akwai mai like shi.

Don haka ya sayo ƙarfe a kasuwar Katako, ya kai wa wani dattijo mai walda a Filinge.

“Likita,” in ji dattijon, “bari in yi maka irin ta masu zuwa kasuwar Balleyara ran Lahadi. Daga gilashin gaba har ƙofar baya, da dogon shinge, da tsani. Ko raƙumi ka ɗora, za ta ɗauka.”

“Ita za ta ɗauka, Baba. Rufin fa?”

A nan ne lissafin yake, kuma lissafi ne da ƴan kasuwa suka fi ma'aikata iyawa, in sun so. Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka yarda a ɗora mata a sama tana tafiya. A motoci da dama iyakar ba ta wuce kilo 75 zuwa 100 ba. Manyan motocin daji sukan fi haka, amma babu wadda aka yi domin buhu uku na hatsi. Nauyin kariyar kanta ma yana cikin lissafin. Litar ruwa kilo ɗaya ce. Jarkar gazuwal mai lita 20 tana da kusan kilo 17, ban da nauyin jarkar. Taya da ƙarfenta ta kai kilo 30. Buhun hatsi kilo 100 ne cif. Wanda ya ɗora babbar kariyar ƙarfe, ya aza mata taya da jarka huɗu, ya cinye rabonsa tun bai ɗauko tanti ba. Kuma wannan iyaka ta kwalta ce. A kan burji mai gargada kowane kilo yana dukan rufi sau dubbai a tafiyar yini, har ɗan indararon da ƙafafun kariya ke kamawa ya fara tsagewa.

Tsagewar rufi ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne kifewa. Mai jaki ba ya aza kaya tsororuwa a gadon baya, yakan raba su a mangala, su sauka dama da hagu. Masu ayari ma haka suke ɗaure wa raƙumi. Motar daji doguwa ce tun asali, in aka ƙara mata nauyi a ka, gangaren tudun rairayi kaɗan ko kauce wa saniya ya isa. Malamin ya taɓa isa wurin da wata motar kasuwa ta kwanta a gefen hanya, tayoyinta na sama suna juyi, buhuna sun danne waɗanda suka hau kan kaya. Da hannunsa ya taya janye buhunan. Ba ya son ba da labarin.

Duk wannan ya isa hujjar yin ƙaramar kariya. Amma akwai wani dalili da bai faɗa wa mai walda ba, shi ne kuma babba. A Filinge fili a saman mota bashi ne. Da an ji za ka arewa, kafin asuba ƙofar gidanka ta cika: wannan da buhun hatsi na ɗiyarta, wancan da kwanon rufi biyu, wani da rago ɗaure, wani da kansa. Mutumin da aka yi wa karo-karo aka kai shi makaranta ba shi da bakin da zai ce wa ƙanwar ubansa motarsa ba ta ɗaukar hatsi, alhali tana ganin wuri da idonta. Ya san kansa sarai. Ya san in kariyar ta kai ƙofar baya, za ta cika har ƙofar baya, ko littafin mota ya yarda ko bai yarda ba.

Sai ya shimfiɗa tantin da gadon a naɗe a ƙasa, ya zana kewayensu da tsinke, ya ce a yi daidai nan. Aka yi ta da siririn ƙarfe, tsawonta mita ɗaya da rabi, shingenta bai fi taƙi ɗaya ba, ƙafa uku a kowane gefe, an sa musu robar tsohon tub don kada su ci fenti, kowane ƙusa da noti biyu. Babu tsani. Dattijon ya yi aikin yana girgiza kai, ya ce a bakin mutane sunansa ne zai ɓaci. Taya ta koma ƙofar baya, jarkoki suka zauna a ƙasa bayan kujeru, sama kuwa sai kaya masu girma marasa nauyi.

Ranar tafiyar farko gwaggonsa ta iso da amalanke, buhu ɗaya a kai. Ta kewaya motar, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo.

“Ɗana, wannan ce kariyar? Ai ta keken ɗan makaranta ta fi ta.”

“Iyakar abin da rufin ke iyawa ke nan, Gwaggo.”

Aka kwance buhun, aka auna tiya goma, ya tura ƙarƙashin kujera. Saura ya biya wa motar kasuwa daga aljihunsa. Ta yi wata guda tana amsa gaisuwarsa da baki ɗaya. A majalisa aka ce boko ya sa masa rowa, har wani ya ce mai motar ne ƙarami, ba kariyar ba.

Masu wannan magana ba su rasa gaskiya baki ɗaya ba. Akwai ɗan ragwanci a cikin dabarar: ya sa ƙarfe ya faɗi abin da bakinsa ya kasa faɗa. Amma wanda bai taɓa tsayawa da takardar rangadi a hannu, dangi jere a gabansa, direba yana duban agogo ba, kada ya yi saurin yanke masa hukunci. A wannan ƙasa an fi yafe wa mutum motar da ta kife da kayan jama'a, a ce ƙaddara ce, a kan motar da ta tashi da fili.

Kwanan daji bai daɗe masa ba. A watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da wasu sassan arewacin jihar Tilaberi, kuma Land Cruiser mai jarkoki ta zama abin da ke jan idon ƴan bindiga da na sojoji duka. Ya koma kwana cikin gari, a zauren maigari, tantin ya zauna a ɗaki yana shan ƙura. Kariyar ta koma ɗaukar tabarmin biki da na zaman makoki, waɗanda ba su da nauyi kuma ba a hana su.

Bayan shekara shida ƙafa ɗaya ta tsage. Ya kai wa dattijon, kafin shayi ya tafasa an like ta.

“Likita, tunda injin na kunne, in ƙara mata kamu biyu?”

“Bar ta haka, Baba.”