Karin Harshe a Nono Ake Shansa

Sanin kowa ne rubutun boko ba ya nuna karin sauti. Kuka na mai hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka kuma wuya na jiki da wuya ta wahala. Hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. Sinanci ya fi haka ma, domin gaɓar "ma" kari huɗu gare ta: uwa, ko wani tsiro mai kama da rama, ko doki, ko zagi.

Fulatanci kuwa ba ya raba kalmomi da kari. A Jambutu ta Jimeta akwai wani dattijo Bafulatani mai sayar da goro kusa da tashar mota, wanda bai koyi Hausa ba sai da ya yi gemu. Duk kalmar ciniki ya san ta, amma in ya ce ya sha wuya, sai samari su kwashe da dariya suna shafa maƙogwaro. Jikarsa da aka haifa a unguwar ba ta taɓa yin wannan tuntuɓe ba. Sannu a hankali dattijon ya rage magana cikin taro, alhali shawararsa ake bukata.

To, laifin ba na hankalinsa ba ne. Masana sun gano cewa ƙwaƙwalwar wanda ya tashi da harshe mai kari ba ta ɗaukar hawan murya kamar kiɗa. Rarraba shi take yi gida-gida, kowane gida da ma'anarsa, kuma ɓangarenta na hagu mai kula da magana yakan shiga aikin sosai. Binciken da aka buga a 2021 kan masu Sinanci da masu Ingilishi ya nuna tana auna kari da muryar mai maganar, shi ya sa karin sama na ƙato da na yarinya duk sama ne. Wani na 2006 kuma ya nuna jariran gidan Ingilishi sukan fara rasa wannan kunne tsakanin wata 6 da wata 9.

Ashe icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya sha kari a nono kyauta ya samu, bai kamata ya yi wa wanda ya saye shi da gumi dariya ba. Allah ya sa mu gane.