Tagar Ɗakin Magani: Abin Da Na Faɗa Wa Yayata

 

Kwanakin baya na je suna gida Sule Tankarkar. Ana tsakiyar rabon abinci yayata ta kamo hannuna, ta ja ni ɗakin tsohuwarmu ta turo ƙofa. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abin ne ya faru. Ashe maganar 'yarta ce. Yarinyar ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta yi shekararta ɗaya ta sanin makamar aiki, ta kammala bautar ƙasa. Yanzu sunanta ya fito a aikin asibitin jiha, ga kuma wani babban kantin magani a Kano yana nemanta da albashin da ya ɗara na gwamnati. Kuma an riga an sa mata rana. Yaya ta dube ni ta ce, "Ke da kika daɗe a cikin aikin nan, me za mu ce wa yarinyar nan?"

Na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. Wataƙila ke ma, 'yar'uwa, kina da 'ya ko ƙanwa a kan wannan hanya, ko kuma mai neman 'yarki ne ke wannan aiki. Shi ya sa na ga ya dace in kawo miki abin da na faɗa mata, har da wanda hayaniyar 'yan suna ta hana ni ƙarasawa.

Da farko ki sani, mu ba masu kemis ba ne, kodayake har gobe a garinmu akwai masu ce min "mai ba da magani", kamar dai aikina miƙo ƙulli ne ta taga. Shekara biyar na yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yaran da ke karatun a Jami'ar Bayero ta Kano kuwa shida suke yi. Bayan haka sai hukumar da ke kula da masu wannan sana'a ta ƙasa ta ba mutum lasisi, kuma duk shekara sai ya sabunta. Wanda ya sha wannan wahala dole ya yi tunani kafin ya zaɓi inda zai kai iliminsa.

Abin da ke jan kowa zuwa aikin gwamnati sananne ne, kuma gaskiya ne. Albashi ko ba yawa, kin san ƙarshen wata yana tafe. Babu mai kantin da zai tashi da ɓacin ran gidansa ya ce daga gobe kada ki zo. Akwai hutun shekara, akwai hutun haihuwa kuma albashinki na shiga, akwai damar tafiya ƙaro ilimi ki dawo ki tarar da kujerarki. Mu a Jigawa akwai tsarin fansho na karo-karo, ana cire wani abu daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara nata. Yarinya mai shekara ashirin da biyar ba ta jin wannan magana, dariya ma take ba ta. Amma ni da na fara hango ritaya, na san darajarta. Ga macen aure kuma akwai maganar lokaci. Manyan kantunan birni sukan kai goman dare a buɗe, ba Asabar ba Lahadi. Ki gaya min, amarya ce za ta jure wannan, ko angon?

Akwai kuma kwanciyar zuciya, wadda ba a rubuta ta a takardar ɗaukar aiki. Kanti kasuwa ce, kuma mai kasuwa ciniki yake so. Ba na cewa duk masu kantuna haka suke, akwai masu tsoron Allah da yawa. Amma kin tuna yadda maganin tari mai kodin ya shiga gidajenmu, har da matan aure, kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018. Wannan magani ta hannun wasu ya bi kafin ya isa ɗakunan 'ya'yanmu. Ƙawayena da suka yi aikin kanti sun sha ba ni labarin yadda matashi zai zo ba takardar likita yana neman tiramadol, ka hana shi, mai kanti ya harare ka. Ni a asibiti ba wanda ya taɓa ce min in saki irin wannan magani don a samu ciniki.

To amma abin da ya riƙe ni a aikin nan ba fansho ba ne. Ki zo asibitin karkara a watan Agusta ko Satumba, lokacin da gero ya fara fitar da kai, sauro ya yi yawa. Layin mata za ki gani, kowace da goyo, jikin yaro kamar garwashi. Daga Danzomo, daga ƙauyukan Gagarawa, wasu ma daga Nijar suke tsallakowa ta Maigatari, musamman ranar Alhamis da kasuwa ke ci. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yanzu sau shida ake shan sa cikin kwana uku, kuma an fi so a sha bayan yaro ya ci wani abu mai maiƙo ko ya sha nono. Amma uwa tana ganin zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu sai ta ɓoye ragowar a ƙarƙashin katifa, wai don ƙanensa in ya kwanta. Bayan mako biyu ga ta nan ta dawo da yaron, ya fi da galabaita. Idan na zauna da ita minti uku, na yi mata bayani da Hausar da take ji, mace da mace, na zana mata rana da wata a jikin kwalin, sai ki ga ta gane. Matan da ke jin nauyin tambayar namiji yadda ake amfani da maganin matsi, ko na tazarar haihuwa, ni sukan ja ni gefe su tambaya.

Wata rana aka miƙo min takardar wani yaro ɗan shekara biyu, na ga adadin da aka rubuta na babban mutum ne. Ban ce wa uwar komai ba, na ce ta ɗan zauna. Na zagaya na sami likitan, bawan Allah tun safe yake ganin marasa lafiya shi kaɗai, ko salla bai samu ya yi a kan lokaci ba. Ya duba, ya riƙe kai, ya gyara, ya yi min godiya. Uwar ta karɓi maganinta ta tafi, har yau ba ta san abin da ya faru ba. Ni kuwa a ranar na yi barci mai daɗi.

Yanzu bari in juya miki ɗaya gefen, don kada ki ce na yi wa 'yarki romon baka.

Kalmar da ta fi ci min rai a aikin nan ita ce "babu". Asibitocinmu suna tafiya ne a kan asusun magani mai juyawa, tsarin da ya samo asali daga taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987: a sayo magani, a sayar da ɗan rangwame, a sake sayowa da kuɗin. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma in kaya suka makara, ko farashi ya yi tsalle kamar yadda ya yi bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar naira a 2023, kuɗin da ya sayo kwali goma jiya bakwai zai sayo yau. Wanda ya jawo matsalar ba ya wurin. Ke ce a bakin taga, ke za a kalla, ke za a ce kin ɓoye don ki sayar a waje. Na sha wannan zargi daga mutanen da suka san gidanmu. Wani lokacin kuma maganin akwai shi, kuɗin ne babu. Tsohuwa za ta kwance bakin zanenta ta zube miki abin da bai kai rabi ba, ta tsaya tana kallonki. Sau nawa za ki cika daga jakarki? Ni dai maigida ya daina tambayata inda cefanen ƙarshen wata yake maƙalewa.

Akwai daren da ba na mantawa, a wani asibiti da na taɓa zama. Aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, janareta ba mai, firjinmu ya zama akwati. Allurar tsayar da jini bayan haihuwa sanyi take so, in ta sha zafi ƙarfinta raguwa yake. Cikin dare aka buga min ƙofa, wata ta haihu jini ya ɓalle. Na tsaya da kwalbar a hannuna, ga ta nan lafiya lau a ido, amma ni na san abin da ta sha. Na ba da ita, na haɗa da ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe wadda ba ta buƙatar firji, na koma na shimfiɗa sallaya. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba. Yanzu an sami sola a wurare da dama, abin ya yi sauƙi, amma har yau in aka buga ƙofa da dare sai gabana ya faɗi.

Sai canjin wurin aiki, wanda shi ne ya fi shafarki a matsayinki na uwa. Takarda ɗaya ce za ta zo, a ce ki koma wani gari. Ni ta same ni ina shayarwa, maigida kuma aikinsa na wani wuri. Shekara biyu muna haɗuwa Juma'a mu rabu Lahadi. Ba don surukata, Allah Ya jiƙanta, ta tattara ta bi ni ta riƙe min yara ba, da na ajiye aikin. Kuma a ƙaramin asibiti sau da yawa ke kaɗai ce mai wannan lasisi, don haka ko kin tashi aiki ba ki tashi ba.

Maganar kuɗi kuwa gajeriya ce: ba a yin arziki a nan. Ƙarin girma yakan makara. Abokan karatuna wasu sun koma asibitocin tarayya, wasu ƙungiyoyin agaji, wasu Saudiyya da Ingila, mu haɗu a biki in ga motarsu in ga tawa. Kuma dokar ƙasa ta hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwancin kansa in ba noma ba. Za a zo wa 'yarki da tayin ta ba da hayar lasisinta a rataya a wani kanti, a riƙa ba ta wani abu duk shekara ba tare da ta taka wurin ba. Ki ja mata kunne. Duk abin da aka sayar a kantin nan, da sunanta aka sayar, a gaban hukuma da gaban Allah.

Abin da na ce wa yaya shi ne, ni na fi son yarinyar ta karɓi aikin gwamnati, ko da na 'yan shekaru ne, domin abin da za ta koya a asibiti ba za ta same shi a bayan kanta ba, kuma matanmu na buƙatar tasu a wannan taga. Amma da sharaɗi: kafin a ɗaura, babanta ya kira yaron nan ya zaunar da shi, a gaya masa akwai kiran dare, akwai canjin gari, a ji ta bakinsa a gaban waliyyinsa. Yaya ta yi shiru, ta ce za ta gaya wa Malam.

Shekaranjiya da daddare sai ga wayar yarinyar. Ta ce, "Anti, in aka tura ni ƙauye, gidan ma'aikatan akwai ruwa kuwa?" Na ce mata ta dai sayi jarka biyu da fitila mai caji, ta sa su cikin kayan ɗaki.