Tsofaffin Gidajen Gandu na Ƙasar Rano

Duk wanda ya bi hanyar Rano zuwa Kibiya da rani, sa'ad da aka kwashe dawa aka bar gonaki fili, ba zai rasa hangen wani tsohon gida ba, shi kaɗai tsakiyar saura, katangarsa ta zube rabi, amma zaure na nan tsaye da zankayensa. Mutanen wurin su kan ce gidan gandu ne. Mu da mu ka tashi a wannan ƙasa mun saba wuce su ba ko waiwaye. Sai da mu ka zo makarantar nan, mu ka ga hotunan gidajen gona na iyayen ƙasa a Ingila, mu ka ji akwai dokar da ta hana a rushe irinsu sai da izini, sa'an nan mu ka fara duban namu da wani ido.

Bature ya yi nasa da dutse da katako, sau da yawa har ya kan sassaƙa shekarar ginin bisa ƙofa. Namu ba shi da rubutu ko ɗaya, amma ga mai lura ginin da kansa ya kan ba da labari.

A dubi zaure. Ƙofarsa ƙarama ce, sai an sunkuya, gindin bango kuwa ya yi kauri ƙwarai, yana sirancewa yayin da ya ke hawa. Ba don ado aka yi haka ba. Rano, ko da ya ke tana cikin Hausa Bakwai, bakin iyaka ta ke, ba ta rabu da ganin mahaya ba. Ta nan Sarkin Kano Alwali ya bi kafin a kashe shi a Burumburum cikin 1807. Daga baya kuma, musamman zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, Ningawa su ka addabi kudancin Kano da hari, suna kwasar mutane da dabbobi. Mai gandu ba shi iya ɗauke rumbunansa ya kai cikin ganuwa, tilas ya mai da gidansa ƙaramin birni.

Cikin hutun da ya wuce mun shiga wani irinsu. Da ɗaga kai sai mu ka ga baka biyu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, watau ɗaurin guga. Dalilinsa shi ne azara, wadda a ke tsagowa daga giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa shida. Saboda haka magini ya kan jera ta, wata na ɗan zarce wata, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, har bakan ya rufe, ya sami ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi. Mutumin nan bai taɓa riƙe alli ba, amma lissafin da ya yi da ido, mu masu takarda za mu sha gumi kafin mu fitar da shi a allo.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne shafen rufi. Kowa ya san an ce Kano da Rano su ne sarakunan baba. To, katsin da a ke kwasowa daga gindin karofi, shi a ke ƙonawa a daka, a haɗa da gashin awaki na majema da ruwan dafara, ya zama laso. Shi a ke shafa wa rufi da bakin indararo, ruwa ba ya ratsa shi. Bango kuwa makuba a ke yi masa, daga ɓawon ɗorawa. Ashe marini da majemi da manomi duk suna da hannu cikin soro guda.

Bayan zaure sai shigifa, sai turakar mai gida, sai sassan 'ya'ya, rumbuna na tsakiya inda idonsa zai kai gare su. Can gefe kuwa akwai wurin da ba a ganin kome yanzu sai ɗan tudu da tsingaro. Nan bukkokin bayi su ke. Wajibi ne mu faɗi wannan, gama in an zo yabon gida, sunan mai shi kaɗai a kan ambata. Su ne su ka kwaɓa ƙasa, su ka cura tubali, su ka yi noman gandu tun safe har azahar kafin su juya ga 'yar gayaunarsu. Soro ya tsaya, bukka ta tafi, mai wucewa sai ya zaci soron ya gina kansa.

Gidan ƙasa kuwa kamar doki ya ke, kullum yana son hannu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yaɓe, an share indararo. Da Turawa su ka ci Kano a 1903, hari ya ƙare, bauta ta yi ta raguwa har aka hana ta ɗungum a 1936. Jirgin ƙasa ya kawo cinikin gyada, saurayi ya ga yana iya samun kuɗin kansa ba sai ya jira uba ba. Gandu ya watse, masu yaɓe su ka yi ƙaranci, aka koma kwano da siminti. Ba mu ga laifin kowa ba, don mun san azabar ɗigar soro cikin Agusta. Sai dai cikin birni an adana Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, na karkara kuwa an bar wa damina.

Ga shawararmu ga 'yan'uwa da za a tura koyarwa wajen Rano, ko Kibiya, ko Bunkure. Ranar darasin awo a fita da yara zuwa irin gidan nan, su auna kaurin bango da faɗin zaure, su zana fasalin gidan cikin littafi. Sa'an nan a nemi dattijon da ya fi kowa shekaru, a gaishe shi da goro, a tambaye shi wanda ya sa aka yi ginin, da maginin da ya ɗaura bakan, da sunayen waɗanda su ka zauna can wajen tudun tsingaro.