Idon nan mai lamba 100

Duk ɗan sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ya san idon nan mai lamba 100 da ke ƙasan maikiroskop, wanda ake ɗiga wa mai kafin a nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini. Objektif ake ce masa. Karatun furojet ɗina na bana ya nuna mini cewa akwai masu bincike da aikinsu gaba ɗaya ya rataya a kan siffar bakin wannan gilashin.

Akwai wani maikiroskop mai aiki da fallen haske. Maimakon a haska abu duka, sai a turo hasken leza siriri kamar fallen takarda daga gefe, ya haska yanki ɗaya kawai, wani idon kuma ya ɗauki hoto daga sama. Da yake hasken bai yi yawa ba, halittar ba ta illata, ana iya bin ɗan tayin kifi yana girma har kwanaki. Jan Huisken da Ernst Stelzer ne suka fito da shi sosai a 2004, a cibiyar EMBL ta Heidelberg a Jamus.

To ga inda gizo ke saƙar. Ido biyu ne, kuma dole su fuskanci wuri guda. Ido mai ƙarfi bakinsa kauri gare shi, kuma sai ya matso dab da abin da yake kallo (namu mai lamba 100 tazararsa ba ta kai rabin milimita ba). Sai su yi karo, kamar raguna biyu a kwano ɗaya. Ga kuma batun ruwan da ake tsoma su. Ma'aunin karya haske na ruwa 1.33 ne, na manmu kusan 1.52, wasu sinadaran da ake wanke ƙwaƙwalwar ɓera da su don a ga cikinta kuwa 1.56. Idon da aka ƙera don wannan dishi-dishi yake gani a wancan, wani sinadarin ma cinye gam ɗin da ke riƙe gilasan yake yi.

Wani lokaci na kanti ba ya yi, sai an ƙera na musamman. Na'urar Eric Betzig ta 2014, kamfanin Special Optics na Amurka ne ya yi mata ido mai siririn baki. Wanda ya fi burge ni shi ne na Fabian Voigt a Zurich, 2023. Ya kwaikwayi idon wata dabbar teku mai ɓawo da ke gani da madubi, ya haɗa da dabarar na'urar hangen taurari ta Schmidt. Madubi ba ruwansa da irin ruwan da aka tsoma shi, haka zai maido haske.

Abin da ya sa na kawo maganar nan gidanmu shi ne yadda ake kallon mai difloma: ɗan wanke kwalabe, mai jiran umarnin mai digiri. Amma wa ke goge gilashin nan, ya daidaita shi, ya manna? Carl Zeiss kansa makaniki ne da ya buɗe shago a Jena a 1846, shi ya nemo masanin lissafi Ernst Abbe a 1866 ya yi masa aiki.

Sai dai gaskiya, gyara ba ya cikin abin da ake koya mana, amfani da gogewa ne kawai. Damina na wucewa sai ka ga fumfuna ta kama gilashi, an tura na'urar sito. Tun 2013 aka saki zanen OpenSPIM kyauta, ƙarafansa da dama 'yan mekanikal za su iya yankawa. Idon ne sai da dala, wannan kam babu dabara. Waɗanda ke sito kuwa an riga an biya kuɗinsu. Ina roƙon ƙungiyarmu ta nema mana izinin kwance ko da guda biyu a zangon da ya rage, tare da malamin da zai tsaya a kanmu.