Ni da Mamo a Kafanchan

Tun 2007 Helon Habila ya fitar da Measuring Time, amma sai da na baro Ingila na tare a Kafanchan na karanta shi. Mamo mai ciwon sikila aka bari a garin Keti, ɗan tagwayensa LaMamo ya tafi yaƙi, sai wasiƙa jefi-jefi. Kowa ya san gidansu Mamo, ba wanda ya san cikinsa.

Nan littafin ya sosa min inda ke ƙaiƙayi. Shekarata uku a garin kakannina, har yau "Bature" ake kirana a kasuwa. Da yamma nakan zauna gefen tashar jirgin ƙasa ina hango dutsen Kagoro. Jiya ƙanwata ta bugo daga Ingila: "Yaya, ka saba?" Na ce mata tuni.